Wa Ya Auna Hannun Auta?

Tun daga bakin ƙofa Bahago ya hango safar hannun a kan tebur, kafin ma ya ƙarasa sallama. An ajiye ta tsakanin kofunan shayi da tabaran Abba, ruwan toka, yatsunta a buɗe. A gefenta an naɗe abin wuyan da aka saƙa da zare iri ɗaya, mai tudu da kwari kamar kunyoyin gona.

Kyauta ba ta komawa kan tebur sai da dalili.

"Shigo ka zauna," in ji Abba, mahaifin Auta, bai ɗago kai ba.

Ya zauna a bakin kujera, yana ɓoye faratansa da man inji ya riga ya rine. Umma tana kusurwa, hannuwanta a cinya. Auta tana tsaye jikin bango, idanunta sun kumbura sun yi ja. A kujerar da ta fi kowace laushi kuwa Manaja ne, ɗan aminin Abba, wanda shekara guda ke nan yana neman Auta tana zillewa. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Ka san wannan?" Abba ya nuna teburin da haɓa.

"Na sani, Abba. Ni na ba ta."

"Wa ya saƙa?"

Wata biyar da suka wuce Auta ta yi masa wannan tambayar, kuma tun daga ranar bai yi barci mai daɗi ba.

A ma'ajiyar magunguna take aiki, a ɗakin da ba a yarda zafi ya leƙa ba. Shi kuma shi ne mai gyaran na'urorin da ke sanyaya ɗakin. Ranar da ya fara ganinta tana hura yatsunta ne tana buga lambobi a kwamfuta. Ta dube shi a kan tsani ta ce, "Malam mai gyara, ka taɓa gyara abu ya lalace? Don girman Allah ka gwada a kan wannan." Ya yi dariya har sukundireba ta faɗo daga hannunsa.

An ba ta safar hannu a wurin aikin, amma da ita ba ta iya riƙe biro, ba ta iya ɓare takardar da ake mannawa a kwalabe. Sai ta cire ta zauna da sanyinta. Shi ya sa ya yi mata marar yatsu, da abin wuya zagayayye wanda ake zurawa ta ka, don kada wani gefe ya riƙa lilo yana kama kwalabe.

Da ta zura hannu ta ji yadda ta zauna, sai da ta yi tsalle. "Kai! Wa ya saƙa wannan?"

Bakinsa ya riga zuciyarsa. "Ƙanwata," ya ce.

Yanzu ma, a gaban Abba, kalmar ce ta sake fitowa, a hankali, kamar wani ne yake magana da bakinsa.

"Ƙanwata ce."

Abba ya ɗauki tabarau ya saka. Tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin yana kama yara da satar amsa, kuma bai taɓa ɗaga murya ba.

"Ƙanwar taka a garin nan take?"

"A'a, tana can inda take aure."

"Ta taɓa ganin 'yata?"

"Ba ta taɓa ba."

Abba ya ɗaga safar ta dama, ya kai ta saitin taga. "Dubi nan. Ramin babban yatsan hagu a miƙe yake, yadda ake yi wa kowa. Na dama kuwa ya fi faɗi, ya karkata waje, an ɗaga shi sama kaɗan. Yarinyar nan tana shekara shida ƙofa ta datse mata yatsan nan, ya warke a karkace. Tun daga lokacin take naɗe shi a tafin hannu. Ƙawayenta na makaranta ba su sani ba. Ni da na haife ta sai na duba nake tunawa." Ya ajiye safar. "Tela ba ya yanka yadi sai ya sa tef. Wa ya auna hannun 'yata?"

Manaja ya yi gyaran murya. "Abba, ni fa ba da wata manufa na faɗa ba. Gani na yi safar ta zauna kamar fata, na ce kai, wanda ya ba da awon nan ya san hannun nan ciki da bai. Shi ke nan abin da na ce."

"Ka faɗi naka, ka huta," in ji Umma daga kusurwa. Shi ne abu na farko da ta furta.

"Na tambaye ta," Abba ya ci gaba, "ta rantse mini ko gefen mayafinta ba ka taɓa taɓawa ba. Na yarda ka riƙa zuwa gidan nan ne a kan sharaɗi ɗaya, ka kuma san shi. To, ɗayan biyu ne. Ko 'yata ta koyi rantsuwar ƙarya, ko akwai abin da ban gane ba. Ina sauraronka."

Agogon bango yana ta bugawa. Bahago ya dubi kafet.

Amsar tana nan a kan harshensa, gajeriya, ba ta wuce kalma uku ba. Amma a bayanta akwai wani tsakar gida, da shi yana ɗan shekara goma sha huɗu zaune a gindin gadon mahaifiyarsa. Idonta ya fara mutuwa, ga saƙar mutane ta karɓa ba ta gama ba. Ita ke faɗa, shi ke yi. Ta koya masa da laluben yatsu, ya juya komai zuwa hannun hagu da kansa. Ranar da abokansa suka leƙo ta taga suka gan shi da ƙwallon zare a cinya, ranar ya rasa sunansa. Shekara shida ana kiransa Gwaggo. A filin ƙwallo Gwaggo, a layin famfo Gwaggo. Har ya bar unguwar sunan bai sake shi ba.

Yanzu yana da shekara talatin da ɗaya, yana aiki cikin maza tara masu baki kamar reza, kuma kibiyoyin saƙarsa suna ƙasan akwatin kayan aiki, a naɗe cikin tsumma, ƙarƙashin sifanoni.

Ya ɗago ido ya ga Manaja yana kallonsa, makullin yana juyawa.

"Abba, wallahi ban taɓa ta ba," ya ce.

"Ban tambaye ka abin da ba ka yi ba."

A nan ne Bahago ya yi abin da daga baya ya fi komai ci masa rai: ya zauna yana neman wata ƙaryar. Ya ce hoto ya aika? Ba ta taɓa bari hannun ya fito a hoto ba. Ya ce abokiyar aikinta ce ta gaya masa? Za a kira ta. Yana ta auna ƙarya da ƙarya kamar mai zaɓen ƙusa a gwangwani, alhali yarinyar tana tsaye jikin bango ana yi wa mutuncinta kallon tuhuma.

"Ka yi magana mana," in ji Auta. "Ka gaya musu yadda aka yi. Ni ban sani ba, wallahi ban sani ba. Tun jiya nake cewa ban sani ba, ba wanda ya yarda da ni. Kai ka sani. Ka faɗa."

Bai dube ta ba.

"Ƙila a mafarki ƙanwar ta gani," in ji Manaja, yana murmushi.

Abba ya cire tabaran ya ninke. "Shi ke nan. Auta, daga ranar Litinin kin bar aikin nan. Tunda a can ake haɗuwa, a can za a rabu. Kai kuma, na gode da zuwanka. Kada ka sake tako mini gida."

Auta ta zube a gwiwa. "Abba, shekara uku ina neman aikin nan. Abba, ka dube ni. Yaushe na taɓa yi maka ƙarya? Ko da na fasa maka gilashin mota ina ƙarama, ni na zo na faɗa da bakina. Ka tuna? Kai ka ce da ni duk gidan nan ba mai gaskiyata."

"Na tuna," in ji Abba, ya kawar da kai. "Shi ya sa abin ya yi mini zafi."

Ta juya ga uwarta. "Umma, ke ma?"

Umma ba 'yarta take kallo ba. Hannun Bahago take kallo, na hagu, wanda ya damƙe gwiwarsa da shi.

"Ni na saƙa."

Ba a ji shi sosai ba, sai da ya maimaita.

"Ni na saƙa, Abba. Da hannuna. Ƙanwata ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba."

Makullin ya tsaya a yatsan Manaja. Sai kuma ya fashe da dariya, har yana dukan hannun kujera. "Kai! Wannan ita ce ƙarya mafi tsada da na taɓa ji. Abba, ka ga inda tsoro yake kai mutum? Ya gwammace ya zama mace!"

Kunnuwan Bahago suka yi zafi. Amma dutsen ya riga ya gangaro, sai ya bi shi.

"Aikina awo ne da ido. In na kalli bututu na san faɗinsa kafin in sa ma'auni. Wata biyu ina kallon hannunta daga kan tsani. Na ga ba ta riƙe biro yadda ake riƙewa, tsakanin manuni da na tsakiya take sa shi. Na ga in za ta ɗauki kofi da dama sai ta juya shi. Na gane yatsan ba ya lanƙwasawa ciki. Sau huɗu ina warware wurin ina sakewa." Ya dubi Abba. "Kallon ma ban ce daidai ne ba. Amma kallo ne kawai."

"Baki shi ke yanka wuya," in ji Manaja. "Kowa ma zai iya tsara wannan."

Umma ta miƙe. Ta zo ta ɗauki safar ta dama, ta juya cikinta waje.

"Idon saƙa nawa ka ɗora a wuyan hannu?"

"Arba'in da biyu."

Ta bi da farce tana ƙirgawa, leɓɓanta suna motsi.

"A layi na nawa ka fara buɗa wa yatsan?"

"Na hagu a na ashirin. Na dama a na ashirin da uku, na ƙara masa ido huɗu, duk ta gefen waje."

Ta ƙirga. Ta ajiye. Ta ɗauki abin wuyan ta shafa tudun da kwarin. "Wannan fa?"

"Biyu gaba, biyu baya, layi huɗu. Sai a sauya, inda aka yi gaba a yi baya. Shi ke sa ya riƙe ɗumi."

"Shi ya saƙa," Umma ta ce da mijinta. "Tun ranar da ta shigo da su na juya cikinsu na ga saƙar bahago ce, idonta ta wancan gefen yake kwanciya. Na ce a raina ƙila gadon gidansu ne, ƙanwar ma bahaguwa ce. Yau da ya zauna na ga kanta a yatsansa, daidai inda zare yake bi." Ta juyo ta dubi Bahago, ba fushi a fuskarta, kuma rashin fushin ya fi duka ciwo. "Na yi shiru ne in ga ko za ka bari yarinyar nan ta kai ƙasa. Ka bari."

Abba ya miƙa hannu ya ɗago 'yarsa. "Tashi, uwata. Na zalunce ki. Ki yafe mini. Aikinki yana nan."

Ta tashi tana share fuska da bayan hannu.

"Kai kuma," Abba ya ce, "saƙa ba ta dame ni ba. Wanda ya yi mini aikin ido namiji ne, da allura da zare ya yi shi. Abin da ya dame ni, ina kallon agogon can. Minti goma sha ɗaya ka yi kana zaɓe tsakanin a yi maka dariya da a ɓata mata suna. Ka zaɓi daidai a ƙarshe, ban hana ka wannan ba. Amma aure ba kullum yake ba mutum minti goma sha ɗaya ba."

"Haka ne, Abba."

"Mahaifin wannan," ya nuna Manaja, "zai zo ƙarshen wata ya ji matsayata. Ban yi wa kowa alkawari ba, ba kuma zan yi mata dole ba. Ita za ta faɗa mini. Ka iya tafiya."

Ya fito bai san yadda ya sa takalmi ba. Ya sauka hawa ɗaya na benen ke nan ya ji takunta a bayansa. Ta tsaya a saman matakala, matakai biyar tsakaninsu. Safar da abin wuyan suna hannunta ɗaya, ɗan almakashin Umma a ɗayan.

"Tsaya."

Ya tsaya, kansa a ƙasa.

"Ka san abin da na yi da na karɓi kayan nan? Na je na sayi turare na ba ka ka aika wa ƙanwarka. Na rubuta mata takarda, shafi biyu. Na ce mata ban taɓa samun wanda ya lura da ni haka ba. Ina takardar?"

"Tana wurina."

"Ka karanta?"

"Na karanta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya fi sau ashirin."

Ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki. "Kullum in na zura hannuna sai in ce, wace irin baiwar Allah ce wannan, ba ta san ni ba ta san inda yake mini ciwo. Har na fara son ta. Ashe ba ta ma san ina duniya ba. Ka ƙirƙiro mutum ka sa na so shi, kai kuma kana tsaye a gefe kana kallo."

"Na ji tsoro ne, Auta."

"Tsoron wa? Nawa?"

"Na ɗauka in kin sani za ki..."

"Zan me? Ni da nake ɓoye yatsa shekara ashirin? Ni zan yi wa wani dariya don yana da abin ɓoyewa?" Ta share hanci. "Kai ka ga nawa daga kan tsani ba da izinina ba. Naka kuma ka kulle a akwati. Wannan adalci ne?"

"Ba adalci ba ne."

"Kuma ina durƙushe ina kiran ubana, kana zaune. Na dube ka sau uku. Kafet kake kallo. Wallahi ba zargin Abba ne ya karya ni ba, saman kanka da nake gani ne."

Ya so ya ce ta yafe masa, sai ya ga kalmar ta yi masa arha a baki. Amma wannan karon ya ɗago ya dube ta.

Ta laluba bakin abin wuyan har ta sami inda aka tufke ƙarshen zaren. Ta sa almakashi ta datse. Ta yi wa safar dama haka, ta yi wa ta hagu. Sannan ta sauko mataki uku, ta ajiye su a kan makarin benen, ta koma inda take.

"Waɗannan na ƙanwarka ne. Na gode mata, na gama da su. Kai ban taɓa samun komai daga hannunka ba."

"Auta..."

"Ka warware su duka. Ka sake saƙawa da zaren nan. Amma ba a ɗaki da ƙofa a kulle ba. A bencin shagonku, lokacin hutun rana, gaban mai gidanku da duk mutanenku. In wani ya tambaye ka na wane ne, ka faɗi sunana, ni ba na jin kunya. In ka gama kafin ƙarshen wata, ka kawo da kanka, in san abin da zan gaya wa Abba."

"In ban gama ba fa?"

"Ai ka iya ƙirga," ta ce. "Ranar Litinin da hannu tsirara zan shiga ɗakin nan. Kai ka san sanyinsa, kai ka saita shi."

Ta juya ta haye. Ya ji ƙarar ƙofa.

Ya ɗauki kayan. Bakin zaren da ta yanke yana lilo, a murɗe, ya riƙe siffar idon da ya fito daga ciki. Wata biyu na aiki ne, kuma kwana goma sha tara suka rage a watan. Ya ja kaɗan. Layin farko ya zube ba gardama, ido yana bin ido.

Da ya fito titi rana ba ta faɗi ba. Masu shaguna suna zaune a ƙofa, mata biyu suna jiran mota, mai wankin babur yana watsa ruwa. Hannunsa ya kai kayan bakin aljihu da kansa, yadda ya saba. Ya tsayar da shi.

Manaja ya riga shi saukowa ta ɗaya ƙofar. Yana jingine da motarsa, ya ɗaga waya saitin fuskar Bahago, ɗan jan digon ɗaukar bidiyo yana ƙyaftawa.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗaki," ya ce da ƙarfi, don masu shaguna su ji. "A ɗan nuna mana sana'ar mana. Ina da lambar mai gidanku, zai so ya gani kafin Litinin."

Kawuna suka juyo. Mai wankin babur ya kashe famfo.

Bahago ya ji gumi yana bin bayansa kamar ranar da aka leƙo ta taga. Ya ɗaga kai sama. A hawa na biyu labule ya ɗan motsa.

Ya rataya abin wuyan a damtsensa, ya kama bakin zaren, ya fara nannaɗe shi a yatsun hannun dama, a tsakiyar titi, yana ja yana naɗewa.

"Matso kusa," ya ce da Manaja. "Daga nan hannun ba zai fito sosai ba."